Ruwa a Tukunyar Apolena

Ranar Alhamis da hantsi aka gano an ɗauke Apolena. Kafin agogon coci ya buga goma babu wanda bai ji ba a garinmu, har da waɗanda ba su san ko mace ce ko akuya ba.

To, ba mace ba ce. Kan jirgin ƙasa ne ɗan ƙarami, tsawonsa bai fi mutum ya buɗe hannuwansa biyu ba, amma da wutar kwal da tururi yake tafiya kamar na gaske. Tarago uku cike da yara yake ja a kan siririn dogon da ƙungiyarmu ta masu son ƙananan jirage ta shimfiɗa a lambun bayan tsohuwar tasha. Baba Bohumil ne ya ƙera shi da hannunsa, shekara goma sha tara yana fama, ya sa masa sunan marigayiyar matarsa. Tun daga nan babu mai cewa "shi", sai "ita".

Shekara talatin ke nan Apolena ce ke buɗe layi idan sanyi ya ja da baya. Bana kuwa daban ce. Bohumil ya cika tamanin da biyu, 'yarsa ta riga ta ɗaure masa kaya, bayan bikin Ista za ta tafi da shi birnin Brno, bene hawa na shida, inda ko ashana ba za a bar shi ya ƙyasta ba. Asabar za a gwada tukwanen tururin jirage, Lahadi a buɗe layi, kuma Lahadin nan ita ce tuƙinsa na ƙarshe.

Sai ga shi tsaye a sito, tsumma a hannu, yana kallon gurbin da babu komai.

"Goge mata jiki kawai na zo yi," in ji shi. "Da ma sai Asabar na saba zuwa. Yau dai zama ya ishe ni."

Dokta Ludvik, shugaban ƙungiya, ya ce a kira 'yan sanda.

"A kira su su yi me?" Bohumil ya taso masa. "Ko sun same ta, kulle ta za su yi a ofis da sunan shaida har kaka. Ni Lahadi nake so, Dokta. A kira mini Vendelin."

Vendelin shekara talatin da huɗu ya yi yana gadin gandun daji, yana bin sawun barewa da aladen daji da masu satar itace. Jirgi bai dame shi ba, mu ma "yara masu furfura" yake ce mana. Amma mutum ne da ba ya iya wuce sawu bai tsuguna ba, ko da na kaza ne. Ya iso da sandarsa, ya tarar da tsofaffi goma sha ɗaya suna ta tattake ƙofar sito.

"Kai jama'a! Duk wanda ya ƙara ɗaga ƙafa, shi zan ce ɓarawon!"

Kowa ya ƙame. Ya duba kwaɗon ƙofa, ya juya shi, ya shinshina. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

"Makulli nawa ne?"

Uku ne. Ɗaya a hannun Dokta Ludvik. Ɗaya a hannun Milada, mai rumfar shayi da tsiran alade a bakin layi. Na ukun a hannun Alois, mai gwajin tukwane. Nan take aka fara kallon juna ta wutsiyar ido.

*

Ƙofar gaba kam an gama da ita. Vendelin ya zagaya ta baya, inda ake gangaro da jirage a ɗora su a amalanke. Nan ya sami abin da yake so. Daren Laraba ƙanƙara ta ɗan yayyafa ta tsaya, sanyin asuba kuma ya daskarar da ita, sawu ya fito raɗau.

Tayar amalanke biyu, mutum ɗaya. Ya yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Amalanken 'yan ƙungiya duk a shekara ɗaya aka ƙera su, awo ɗaya, kowa da nasa a gida. Takalmi kuma duk irin na tsofaffin ma'aikatan jirgi suke sawa, har waɗanda ba su taɓa aikin jirgi ba.

"Mutum goma sha ɗaya, ƙafa ɗaya," ya ce da kansa. "Allah ya shirye ku."

Ya bi sawun a hankali. Mutumin duk taku talatin sai ya tsaya ya huta. Wannan bai rage kowa ba, ƙaraminmu shekararsa sittin da takwas. A inda hanyar lambu take da ɗan tudun siminti, sai mutumin ya juya da baya, ya sauke taya ɗaya, sannan ɗayar, a tsanake. Vendelin ya sosa ƙeya. Ya bi ɓarayi da yawa a rayuwarsa, bai taɓa ganin wanda yake lallaɓa kayan sata haka ba.

Akwai kuma wani abu. Tsakanin tayoyin nan biyu wasu 'yan ramuka ne a jere a cikin ƙanƙara, ɗigo bayan ɗigo, tun daga ƙofar sito har gindin tsohuwar itaciyar tuffa da ke tsakiyar lambu. A nan amalanken ya tsaya. Ga shaidar gwiwa inda mutum ya durƙusa, ga wani fili mai faɗin faranti inda ruwa ya kwarara ya daskare. Daga nan gaba babu ɗigo ko ɗaya. Sawun ya ci gaba a bushe har bakin kwalta, inda motar gari ta watsa gishiri tun da sassafe, komai ya narke.

Vendelin ya koma gindin tuffa. Ya fasa ƙanƙarar da sanda, ya ɗauki guntu ya lasa. Babu mai, babu toka, ruwa ne zalla. Da ya dawo bayan sito ya lura an fasa ƙanƙarar da ta rufe bakin duron da ake tara ruwan sama. Ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Bai san ma'anar abin ba, kuma rashin sanin ya yi masa daɗi, don rabonsa da irin wannan ƙaiƙayi a ka tun da ya bar aiki.

*

Da Dokta Ludvik ya fara. Likitan haƙori ne da ya yi ritaya, ɗakin da marasa lafiya suke jira a da yanzu kabad-kabad ne na gilashi, da kawunan jirage goma sha huɗu a ciki. Duk saye ya yi, ko ƙusa ɗaya bai taɓa ƙerawa ba, kuma ya san muna faɗa a bayan idonsa.

"An ce ka nemi ya sayar maka da ita," in ji Vendelin.

"Sau biyar. Ya ce gara ya jefa ta kogi." Dokta ya gyara tabarau. "Kuma kar ka ɗauka wai daidai take da na gaske. Jiragen wancan zamanin baƙaƙe ne, shi ya je ya shafa mata ja. Ya ƙara wa bututun hayaƙi tsawo. Usur ɗinta da kwanson harsashin mafarauta ya yi shi. Fitilar gaba kuwa, ka san da me? Da ɗan ƙarfen da matarsa take sa wa yatsa in tana ɗinki. Ɓarna ce zalla."

"To me ya sa kake so?"

Dokta ya dubi kabad ɗinsa. "Ka taɓa jin kukanta a hawan nan na bayan tafki? Duk nawa babu mai yin wannan kukan."

A tsakar gida Vendelin ya ga sawun amalanke. Ya tsuguna. Ashe ƙanƙarar daren jiya ta kwanta a cikin sawun, ke nan tun kafin ta sauka aka yi shi. Dokta ya ce ranar Laraba da rana ya kai wani jirginsa wurin mai fenti, ƙasa kuma ta gaskata shi.

Har ya kai ƙofa, Dokta ya rage murya. "Ba gulma ba, amma tukunyar nan jan ƙarfe ce, kilo ashirin. Ka san sana'ar yayan Milada. Tsofaffin ƙarafa yake saye."

*

Maganar ta riga Vendelin isa. Ya sami Milada a rumfarta tana dirzar kaskon suya kamar shi ya yi mata laifi.

"Ka zo kama ɓarauniya? Bismillah, ga ni. Yau na shiga gidan burodi, mata uku suka juya mini baya. Shekara ashirin da biyu ina ciyar da tsofaffin banzan nan, wanda ya manta jakarsa in tsince masa, wanda ya manta haƙoransa in aika masa gida!"

"Yi haƙuri, Milada. Ina makullinki yake kwana?"

Ta zaro igiya daga wuyanta ta kaɗa masa a fuska. "Nan. Ko wanka da shi nake yi. Yayana kuma da ake ta ambato, tun watan Janairu yana kwance da karayar ƙugu, ko cokali sai an miƙa masa. Je ka gaya wa mai cire haƙoran nan."

Faɗan bai hana ta zuba masa miyar tafarnuwa da yankan burodi ba. Yana sha tana huci, har ta huce. Sai ta zauna a kan akwatin kwalabe.

"Ni Baba Bohumil nake ji. Ka san tun shekarun baya ba na cika masa kofi? Rabi nake zuba masa, in ce shayin ne ya ƙare. Hannunsa rawa yake, in na cika sai ya zubar a gaban mutane. Kar ka kuskura ka ce na faɗa."

"Da hannun nan yake gyaran jirgi?"

"Wa zai bari ya taɓa masa? Kowace kaka shi yake liƙe abinsa da wuta da azurfa. Kuma kullum taƙamarsa ke nan: shekara talatin tukunyarsa ba ta taɓa faɗuwa gwaji ba, da hannunsa shi kaɗai. In ka cire masa wannan ban san me ya rage ba."

*

Alois a kicin ya karɓe shi. Dogo ne, busasshe, ba ya son magana. Shi da Bohumil tare suka koyi aikin ƙarfe tun suna 'yan shekara sha biyar, kuma tun lokacin ba a taɓa ganin rana ta faɗi ba su yi musu ba. Idonsa ya yi ja, da gani bai yi barcin kirki ba.

"Makullina yana aljihuna," ya ce, tun ba a tambaye shi ba.

"Na yarda. Ni wani abu ne yake ba ni mamaki. Gwajin nan na Asabar da kuke ta magana, yaya ake yinsa? Wuta kuke hurawa ku ga ko za ta fashe?"

Alois ya dube shi kamar ya zagi iyayensa. Duk rashin maganarsa, wannan tambaya ba ya iya barin ta a ƙasa.

"Wuta? Mahaukaci ne ke gwaji da wuta. Ruwa mai sanyi ake cika tukunya da shi har wuya. Ruwan sama, don na famfo yana barin farar ƙasa a ciki. A toshe kowace kafa, a kafa famfon hannu, a danna har allurar ma'auni ta ninka abin da tururi zai kai. Sai a zuba ido. In ta yi zufa ko ta ɗiga, ta faɗi."

"In ta faɗi fa?"

"Mai gyaruwa a gyara."

"Wadda ba ta gyaruwa?"

Alois ya juya kofinsa a kan tebur. "A huda ta. A gaban kowa, rami ɗaya a gefe, don kada mai ita ya koma gida ya ce ai ɗan ɗigo ne, ya hura mata wuta, ya ɗora 'ya'yan mutane a baya. Dokarmu ce tun kafin a shimfiɗa dogon."

"Wa yake hudawa?"

"Mai gwaji."

"Ka taɓa yi?"

"Sau biyu. Ɗaya daga masu tukwanen har ya mutu bai sake gaishe ni ba."

Vendelin ya fito yana juya maganar ruwan sama. Ta yi daidai da duron da aka fasa. Amma sai ya ce a ransa, ai jirgi da ruwa a ciki yake zama kamar mota, duk wanda ya ture shi dole ya ɗiga. Duron kuma kowa yana iya ɗiba. Ya tafi gida da abin a ransa, matarsa ta yi magana uku bai ji ko ɗaya ba.

*

Juma'a da safe ya je wurin Bohumil. Falon duk kwalaye ne a ɗaure, 'yar ta rubuta sunan kowanne da baƙin alƙalami. Tsohon yana zaune a tsakiyarsu da hularsa ta tuƙi a ka.

"Ka samo ta?"

"Tukuna, Yaya. Tambaya ɗaya. Ruwan da yake cikin Apolena tun kaka, zai kai bokiti?"

"Wane ruwa?"

"Na cikin tukunya mana."

Bohumil ya buga cinya. "Kai Vendelin, ashe dajin nan ya cinye maka kai! Wa yake barin ruwa a tukunya da hunturu? Ya daskare ya tsaga ta? Ranar da muka rufe layi a watan Oktoba kowa yake tsiyaye tasa tun tana da zafi, a bar ta a buɗe ta bushe ƙayau. Ko ɗan wata ɗaya a ƙungiya ya san wannan. Ko ɗigo babu a cikinta."

"Ko ɗigo?"

"Na ce maka ko ɗigo!"

Vendelin ya zauna a kan wani kwali ba tare da an ba shi izini ba. Daɗin nan da yake ji tun jiya ya gushe. Ya gane, kuma da ya san abin da zai tarar a ƙarshen sawun, da ya ce ƙafarsa ke ciwo tun farko.

"A tara mutane ƙarfe uku," ya ce.

*

A ɗakin ƙungiya aka taru, kusa da sito. An hura murhu, amma babu wanda ya cire kwat. Milada ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Dokta Ludvik yana kan kujerar shugaba, Alois yana can lungu, Bohumil a gaba.

"Kafin in fara," in ji Vendelin, "ko akwai mai son ya hutar da ni, ya faɗa da bakinsa?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"To shi ke nan. Dokta, amalankenka bai fita ba bayan ƙanƙara ta sauka. Milada, yayanki yana kwance, ke kuma a ba ki haƙuri, kuma a bayar da babbar murya." Wasu suka sunkuyar da kai. "Wanda ya ɗauki Apolena ba don ya sayar ba ne. Ya sauke ta daga tudun siminti kamar mai ɗauke da ƙwai. Amma ba wannan ne ya kama shi ba. Ruwa ne."

Ya ba su labarin ɗigon da ya bi daga sito zuwa gindin tuffa, da filin ƙanƙarar, da duron da aka fasa.

"Yau aka koya mini cewa tukunyarku a bushe take kwana duk hunturu. Ke nan da asubar Alhamis wani ya cika ta. Bai hura wuta ba, don babu toka a sito, ruwan kuma na lasa, zalla ne. Wa yake cika tukunya da ruwan sama mai sanyi, ba don ya tuƙa ba?"

Kawuna suka fara juyawa lungun da Alois yake.

"Ya gwada ta, ta ɗiga. Ɗigon da na bi ke nan. Hankalinsa ya tashi, ya ɗora ta a amalanke bai tsiyaye ba. Sai a tsakiyar lambu ya tuna. Gidansa tafiyar minti goma ce, ruwan nan ba zai daskare a minti goma ba. Da ni ne, da na wuce abina, da kuma ba ku taɓa sanin ko wane ne ba. Amma ku ba ku iyawa. Ruwa a tukunya, ga sanyi? Ya durƙusa a fili, inda kowa zai iya ganinsa, ya tsiyaye ta tas."

Alois ya miƙe. Ya cire hularsa.

"Tana maƙerata," ya ce. "Niyyata in dawo da ita kafin Asabar. Ban san zai zo ranar Alhamis ba."

Ɗaki ya kaure. Muryar Milada ta fi ta kowa. "Kwana biyu, Alois! Kwana biyu kana ji ana kirana ɓarauniya, kana shan shayinka!"

"Na cuce ki, Milada. Ba ni da abin cewa."

Bohumil bai ɗaga murya ba. Ya juya kujerarsa a hankali ya fuskanci abokinsa.

"Wa ya sa ka gwada mini tukunya a ɓoye? Asabar ce ranar gwaji."

Alois ya dubi ƙasa.

"Da kai nake, tsohon banza."

"Kowace shekara nake yi," in ji Alois. "Kwana biyu kafin gwaji. In na ga inda take zufa, in liƙe a nan cikin sito, in goge, in tafi. Ranar Asabar ta wuce lafiya."

"Tun yaushe?"

"Shekara shida."

Vendelin ya ga fuskar tsohon ta canza, ya so a ce yana can cikin daji. Bohumil ya ɗaga hannuwansa biyu daga kan gwiwa ya dube su. Suna ta kaɗawa, kuma wannan karon bai ɓoye su a aljihu ba.

"Shekara shida," ya ce. "Ina tsayawa a ɗakin nan ina cika baki, kana zaune a lungun nan kana jina."

"Talatin ɗin ban da shida ai taka ce. Ni ban taɓa yin irinta ba."

"Rufe mini baki." Ya numfasa. "Ta gyaru? Za ta fita Lahadi?"

Alois ya mayar da hularsa.

"Zo ka gani da idonka," ya ce.

*

Duka aka ɗunguma maƙerar Alois, har Milada, ko da yake a baya take tafe ba ta yi wa kowa magana. Apolena tana kan benci, ja jawur, an cire mata rufi, tukunyar a fili. Alois ya kunna fitila ya haska cikin ɗakin wuta, inda ake zuba kwal.

"Bana ba liƙi ba ne, Bohumil. Rufin ɗakin wutar ne ya cinye. Tun jiya nake kanta, in na toshe nan sai can ta buɗe. Taɓa ka ji."

Bohumil ya zura yatsa ya danna. Kowa ya ga ƙarfen ya lotsa. Ya sake dannawa, ya cire hannu, ya goge a wandonsa.

Dokta Ludvik ya yi gyaran murya. "Baba, ai doka mu muka yi ta. Tunda tafiya za ka yi, ba sai an huda ba. Ranar Lahadi kuma ka zaɓi duk wanda kake so a cikin nawa goma sha huɗu, ka tuƙa."

"Na gode, Dokta. Ban iya tuƙa na wani ba." Bai ko waiwaya ba. "In ba a huda ba, wata rana bayan raina wani zai ga kyanta ya hura mata wuta. Ni kaina, in kuka bar ni da ita daren Asabar, ban yarda da kaina ba. Alois, ina abin hudawa?"

Alois ya ciro shi daga bango, irin na da, mai mariƙin da ake juyawa da hannu. Ya tsaya riƙe da shi, ya kasa matsowa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ba zan iya ba. Shi ya sa na ɗauke ta. Gara a ce mini ɓarawo."

"Wa ya ce kai za ka yi? Miƙo. Ni na ƙera ta."

Ya karɓa. Ya ɗora tsinin a gefen tukunyar, tsinin ya zame ya ƙwarzane jan ƙarfen. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa. A karo na uku abin har ƙara yake a jikin tukunyar saboda rawar hannu. Milada ta juya ta fuskanci bango. Vendelin, da ya sha ƙarasa barewar da tarko ya karya ba tare da ya ƙifta ido ba, ya kawar da kai.

Bohumil ya tsaya yana haki. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Me kake jira, tsohon ɓarawo? Riƙe mini hannun. Ai shekara shida kana yi. Yau dai ka yi ina kallo."

Alois ya matso. Ya ɗora tafinsa a kan hannun abokinsa, tsinin ya tsaya cak. Bohumil ya fara juya mariƙin.